Dakon Jini

Ƙarfe biyun dare a Sheffield.
Ruwa na bin gilashin taga kamar wanda ya rasa masauki.
Ni ne mai tura akwatin sanyi
daga hawa na bakwai har ƙarƙashin ƙasa,
inda injuna ke kwana ido biyu.

Hawa na bakwai, masu ciwon zuciya.
Mista Haworth ya miƙo hannu tun ba a nema ba.
Shekara arba'in yana narkar da ƙarfe, in ji shi,
yau ɗan tsinken allura ke sa shi runtse ido.
Sunansa ba ya shiga akwatina.
Lamba ce ke shiga: sifili, huɗu, ɗaya, bakwai.

Na biyar, masu ƙoda.
Na huɗu, masu daji, inda ko takalmi raɗa yake yi.
Na uku, bakwaini a cikin kwalaba,
jinin nasu bai kai rabin cokalin shayi ba,
amma shi nake tallabowa da hannu biyu.

Dakta Nerys ta taɓa yi mini bayani a bakin matakala,
shayinta ya huce a hannu:
rabi magani ake ɗura musu,
rabi ruwan gishiri, a kwalba iri ɗaya.
Ita kanta ba ta san wane ne wane ba.
Kwamfuta ta jefa ƙuri'a, ta ja bakinta ta tsuke
sai bayan shekara uku.
Na ce, Dakta, wannan ai shuka ce a duhu.
Ta ce, da mun gani, da son rai ya taɓa awon.
Ban yi musu ba.
Na san yadda babban yatsa ke sulalewa cikin mudu
a kasuwar Dandume.

Kuma duk sun sani.
Shafi goma sha biyu aka karanta musu, suka sa hannu.
Haworth ya ɗaga kafaɗa:
in bai same ni ba, ya sami na baya.
A garinmu zagi ne a ce da mutum inuwar giginya,
na nesa ka sha.
A nan na ga masu zaɓar zama giginya da kansu,
cikin rigar asibiti mai ɗaurin baya.

Hawa na biyu nake tsoro.
Amosanin jini.
Temilade, shekara goma sha shida,
littafin lissafi a cinya, robar ƙarin ruwa a hannu,
tana cije leɓe irin cizon da na sani.
Haka Larai ke yi.
Ƙanwata. Ita ma sha shida.
Mun kewaye Funtuwa da babur muna neman leda ɗaya,
muka dawo da ita da ɗuminta,
an riga an ja zane.

Ban taɓa gaya wa Temilade ba.
Na karɓi kwalbarta, na duba murfi sau biyu,
na ce sannu da Hausa, ta yi murmushi ba ta ji ba.

Ƙasa, Paweł ya ƙirga: goma sha tara.
Firiza ta buɗe baki, ta fitar da farin numfashi, ta haɗiye.

Wata rana takarda za ta fito
da sunayen likitoci ashirin a goshinta.
Haworth zai zama ɗigo a kan layi,
Temilade wani ɗigon,
ni ko ɗigo ba ni da shi.
Sai dai a wani kundi, a wata durowa,
akwai rubutuna mai karkata hagu:
ƙarfe biyu da arba'in, sanyi maki huɗu, babu wadda ta fashe.

Na wanke hannu har gwiwa,
kafin in tuna alwala ce nake yi.
Asuba da saura.
Hawa na shida sun kira, akwai wata.