Mai Riƙe Tsani

Malam Ubaidu, mai koyar da Sifaniyanci a lise,
ya kawo min littafi, gadon bayansa a karye.
Ya ce, "Ɗinke shi, Bakari, kafin Talata."
Ban san kalma ɗaya a cikinsa ba.
Sana'ata allura ce da zare da danƙo
a rumfar nan ta bayan kasuwar Marwa.

Amma zane ba ya neman tafinta.

Ga saurayi, hula da gashin tsuntsu,
hannu a ƙirji kamar mai ciwon haƙarƙari.
Ga budurwa a taga,
ido ɗaya a ƙasa, ɗaya a hanya.
Tsakaninsu tsohuwa, lulluɓi har gira,
kwando a hannu, baki a kunnen yarinya.
Na san ta. Wallahi na san ta.
Goggo Dudu ce ta Domayo,
mai tallan turaren wuta gida-gida,
ta shiga da humra, ta fito da amsa,
ta ci goro a nan, ta ci goro a can,
ba a taɓa kama ta da zance a baki ba.

Na juya shafi, sai dare.
Saurayin na hawan katanga,
a ƙasa wani ya riƙe masa tsani,
wuya a miƙe, yana kallon tafin ƙafar ubangidansa.
Sau huɗu na ƙirga shi a littafin,
fuska ɗaya, tsaga ɗaya a kunci
inda katakon bugawa ya dare.
Sunan da ke bisa kansa kaɗai ke sauyawa.

Shekara talatin ke nan
ina yaron gidan Alhaji Hamajoda.
Ɗansa Sali ya ninke takarda gida huɗu,
na soke ta a hula, na ƙetare mayo
rairayi na cin ƙafata, rana tsaka.
Jaratu ta karanta a tsaye bakin zaure,
ta yi dariya, ta ba ni ruwan randa,
ta ce, "Kai fa, yaya sunanka?"
Sau goma sha ɗaya na kai, na ƙirga.

Ranar biki Goggo ta sami turmin atamfa,
ni dala ɗari da ragowar shinkafa,
na kwana ina mayar da kujerun haya.

Yau na jera shafukan, na huda, na ɗinke.
Wurin datse gefe na karkatar da wuƙa
don ƙafar mutumin ta kusa baki,
kada in yanke masa yatsa.

Talata Malam ya zo, ya shafa, ya yaba.
Ya fara ba ni labarin masoyan,
wanda ya yi kuka, wadda ta jira.
Na ce, "Mai tsanin fa? Ina ya ƙare?"

Ya gyara tabarau, ya buɗe gaba, ya buɗe baya,
ya lashi yatsa, ya sake buɗewa.
Ya ce, "Ba a faɗa ba."

Na karɓi kuɗina. Na ba shi canji.