Tazara Biyar

Malama Kaneng ta rubuta a allo, ta fita neman shayi:
ga lambobi goma sha ɗaya a warwatse,
a kasa su rukuni-rukuni,
kada tazarar babba da ƙarami ta wuce biyar.

Ƙarfe huɗu, saman bene, bayan Taminus.
Ruwa na dukan kwano, an ɗauke wuta,
cajin kwamfutata saura kashi goma sha tara.

Na fara da garaje,
duk lambar da ta zo in tura ta ƙofar da na fara gani.
Na danna. Allo ya yi ja.

Sai na tuna Baba a Farin Gada,
tsugune gaban buhun dankali tun asuba.
Ba ya kasawa sai ya zazzage, ya jera,
manya can, matsakaita nan, 'yan mitsi-mitsi a kwando.
Yakan ce wanda bai jera ba
shi ke yini yana rantse-rantse gaban mai saye.

Na jera.
Biyu, uku, shida suka shiga ɗaki ɗaya,
sha biyar ta ja sha shida da sha tara,
talatin ta tafi da ƙannenta biyu.
Amma bakwai na tsaye a waje.

Na ƙirga da yatsu kamar 'yar aji ɗaya:
daga biyu zuwa bakwai, biyar cif.
Ba ta wuce ba. Me ta yi?

Nanret ta leƙo daga kujerar gefe,
tana tauna gyaɗa, ta nuna da bayan biro:
kin ce "ƙasa da",
kin manta "ko daidai da".
Alama guda, ba ta kai ƙwayar acca ba,
da ita na kori mai gida daga gidanta.

Na gyara. Kore.

Saura hamsin da takwas, ita kaɗai a rukuninta.
Na tambayi Malama ko da abin yi.
Ta hura shayi ta ce amsa ta yi daidai,
doka ba ta ce kowa sai ya samu maƙwabci ba.

Muka sauko, lema ɗaya, kafaɗata ta hagu na jiƙewa.
Nanret ta tsayar da keken Tudun Wada,
ni na tsallaka titi, ina jiran na Gangare,
ina lissafin
nawa ne tsakani.