Ƙofar Shagon Tanimu

Ƙarfe shida dokar hana fita ta rufe Jos,
ta rutsa da mu huɗu a shagon Tanimu mai gyaran agogo,
bayan kasuwar Kwararafa.
Agogo sha ɗaya a bango, kowanne da lokacinsa.

Dalyop ɗan jami'a ya nuna sakata da haɓa:
"Ba a kulle take ba.
Ba soja ya zaunar da ni ba, ni na zaɓi zama.
Ko tsoron nan da ke cikina, ni na shimfiɗa masa tabarma.
An haife mu ba takardar umarni a aljihu,
duk inda ƙafa ta taka, mai ƙafar zai amsa."

Kangyang ta yi tsaki, ta jingina da buhun dankalinta.
"Kai kaɗai ka zo duniya?
'Ya'yana uku na Tudun Wada, murhu a kashe.
In na fita harsashi, in na zauna yunwa,
an ce da kaza ta zaɓi wuƙa ko tukunya.
Ranar da hanyar gidana ta buɗe,
ta buɗe wa maƙwabciyata ma,
ranar ka zo mu yi zancen 'yanci."

Tanimu bai ɗago ba,
gilashi a ido ɗaya, yana laluben cikin wani agogo.
"Shekarar da ɗana bai dawo ba
na tsaya bakin kududdufin kuza a Rayfield.
Ruwa kore shar, ba ya nuna ƙarƙashinsa.
Babu wanda ya riƙe ni.
Abin da ya razana ni ke nan, yaro: babu wanda ya riƙe ni.
Na juyo na miƙa wa Allah linzamin, ba don na gane dalili ba.
Miƙawar nan ce kaɗai abin da na taɓa yi da hannuna."

"Gudu ka yi," in ji Dalyop, "ka sauke kaya don ya yi nauyi."
"Ka taɓa ɗauka?" in ji tsohon.

Ni ban tanka ba.
Direba ne ni, Taminus zuwa Bukuru,
sawu takwas a wuni, shekara sha tara,
na san kowane rami kamar haƙorina mai ciwo.
Hanyar ba ta kai kowa ko'ina,
amma gobe zan murza makulli ina fito,
don kada ta zaci ta cinye ni.

Muka dafa dankali shida a rishon Tanimu, ba gishiri.
Agogo ɗaya ya buga uku, wani ya ƙaryata shi.

Kafin asuba Dalyop ya zare sakata.
Sanyin dutse ya shigo.
Wani kare na tsallaka titi a hankali, ba mai tambayarsa kati.
Yaron ya tsaya a dokin ƙofa,
ƙafa ɗaya a waje, ɗaya a ciki,
har numfashinsa ya zama hayaƙi.

Kangyang ta ɗora buhu a ka.
Saura awa guda a ɗage doka.
Ta ce masa, "Matsa."