Taƙi Goma Sha Biyar

Katako uku na ce wa Kiyari kafinta,
kowane taƙi biyar,
na biya jaka huɗu, saura sai ƙarshen wata.
Ya ɗauko kantar a amalanke tun daga Sabon Gari,
jakin yana turjewa a hawan Birni.

Daren jiya na gama lissafina
a bayan takardar kuɗin ruwa,
ruwan da kwana tara bai leƙo famfo ba.
Sirara arba'in da takwas, sha biyu ke cika taƙi:
taƙi huɗu ke nan.
Matsakaita sittin da uku, bakwai-bakwai:
taƙi tara.
Ƙattai takwas, masu bangon fata,
su cinye biyun da suka rage.
Huɗu da tara da biyu.
Ko allura ba ta da wurin kwana.
Shekara talatin ina koyar da rabawa a lakwal,
ban taɓa samun wadda ta fita tas haka ba.

Da hantsi na fara jerawa.
Da azahar goma sha ɗaya na zaune kan tabarma
suna kallona.

Na sake ƙirga. Ƙirga ba ta yi ƙarya ba.
Na aza tafina kan katako, na miƙa,
na tarar huɗu da rabi.
Ashe da hannuna na auna, shi ya yanka da nasa,
kuma zarto ya daɗe da cin gaɓa guda
a ɗan yatsansa na tsakiya.

Ba laifinsa kaɗai ba ne.
Littafin da aka karanta ya fi sabo ƙiba.
Wannan damina ta shige shi ta rufin da ya zuba,
ya kumbura bai koma ba.
Wancan yana riƙe da wasiƙu shida
da busasshen ganyen darbejiya.
Na nahawu ya haɗiye hoton ajinmu
da rasit ɗin keken da aka sace a Kasuwar Dole.

Cima ta tsaya bakin ƙofa da rariya a hannu.
Ta ce, dogayen kwantar da su,
kamar yadda nake jera faifai.
Ka dubi iskar da ka bari a kan gajeru,
ita ma kuɗi ka biya.
Masu nauyi ƙasa, kada katako ya yi ciki.
Ka ja ta yatsa huɗu daga bango,
gara ba ta karatu amma ta san littafi.

Na kwantar da bakwai.
Uku na ɗora bisa kan gajeru.
Ɗaya ya rage, na lissafi ne,
na kai shi ƙarƙashin matashi.

Sai ta nuna katakon sama, wajen dama:
ga gurbi nan, faɗin yatsa biyu, me ya hana?
Na ce na Zanaidu ne.
Ya ara tun shekarar da aka yi mana kwalta,
ya ce Juma'a zai maido.
Ta ce, Zanaidu da muka yi wa sadakar arba'in?
Na ce, e.
Kuma in an matse su duka,
ta ina yatsa zai shiga ya jawo ɗaya?

Ba ta amsa ba.
Ta koma tankaɗe, tana kiran mai ga-ruwa ta kan katanga.