Ƙafa Shida

A shagon Oga Morufu, bayan tashar jirgin Agege,
nan nake yanka gilashi tun damina biyar.
Tef a wuya, fensir a kunne,
yatsuna duk tabon tsaga.

Wata Madam ta zo daga Lekki da kifi a leda,
ɗan mitsitsi, bai kai babban yatsa ba,
baƙi, da ɗigon ja kamar garwashin da bai mutu ba.
Ta ce a yi mata ɗan akwati
wanda zai zauna kan teburin falo.

Na ce, Madam, wannan oska ne,
dangin karfasar da muke kamawa a Argungu.
Yau yatsa, baɗi tafin hannu,
badin baɗaɗa ya kai takalmin maigidanki.
Ba jariri za ki auna wa ɗaki ba,
auna wa ƙaton da ke kwance cikinsa.

In shi kaɗai ne, ƙafa huɗu,
lita ɗari uku, kada ki rage moɗa guda.
In da abokin zama, ƙafa shida,
don wannan ba ya raba kwano da maƙwabci.
Kuma tsawo kaɗai bai isa ba,
sai da faɗin da zai juya
ba tare da wutsiya ta shari bango ba.
Yana tono, yana ture dutse,
yana ci kamar lebura, yana ɓata ruwa.
Ranar da aka ɗauke wuta, famfon iska ya yi shiru,
ruwa mai yawa ne ke da haƙuri.

Ta dubi agogo.
Ta ce falonta ba kogi ba ne.
Na yanka ƙafa biyu, na shafa gam,
Oga ya ƙirga kuɗi.

Wata tara, sai ga direbanta, Jatau,
da bokitin fenti a bayan mota.
Kifin ya lanƙwashe kamar lauje,
goshi ya rarake, fiffike ya yage.
Wai ya kashe na biyun da aka kawo masa,
wai ruwa na wari, baƙi na toshe hanci.
Oga ya ce, "Ko a soya?"
Na ce a bar mini shi.

Na sake shi a babban tankin shago.
Kwana uku yana kusurwa guda.
In ya yi ƙafa biyu sai ya tsaya cak,
ya juya,
alhali ba gilashi a wurin,
ruwa ne zalla har ƙarshen kanta.

Daren nan na koma ɗakinmu a Zango.
Mu bakwai ne.
Barau na gadi, shi ya sa muke samun wurin miƙe ƙafa.
Tef na wuyana, na manta ban cire ba.
Da suka yi barci na ja shi a hankali
daga ƙofa zuwa bango,
daga jarkar Talle zuwa kan Mati.
Tara da goma sha ɗaya.
Na fara rabawa, sai na bari.
Janaretan maƙwabta na ta gunji,
na kwanta a gefen da na saba.

Ranar Laraba na riga kowa buɗe shago.
Na tarar da shi can ɗaya ƙarshen,
bakinsa cike da tsakuwa,
yana ɗauka, yana tofarwa,
ya haƙa rami, ya tara tudu,
ya tuge ciyawar roba da na dasa masa.
Ya dube ni da jan idon nan
kamar ni ne na shigo ba sallama.

Yanzu wani otal a Ikeja ya taya shi.
Gobe zan hau danfo in auno bangonsu.
Manaja ya ce ƙafa biyar.
Zan rubuta shida a takarda,
in ce masa gilashin haka ya zo.