Kwalba ta Arba'in da Ɗaya

Kwalba arba'in na cika a Rigasa,
rijiya bayan rijiya, takalmina cikin taɓo.
Wata bakwai ina awo, ina sake awo,
ina roƙon Allah ya sa ni ce na yi kuskure.

Shafi guda na rubuta a jarida.
Ban zagi kowa ba. Cewa na yi
masai ya matso kusa da rijiya,
abin da ƙasa ta haɗiye, guga ke dawowa da shi.

Ran Laraba gidan rediyo suka kira ni.
Na farko a waya ko sallama bai yi ba:
"Dakta, nawa masu ruwan leda suka ba ki?"
Na biyu ya ce kakansa ya sha rijiyar nan
shekara tasa'in, ko haƙori bai zubar ba.
Na uku ya tambaya ko ina da miji.
Na ce da shi.
Ya ce, "Allah ya ba shi haƙuri."

Na yi dariya a gabansu.
Kukan sai a mota, cikin cunkoson Kawo,
mai gyaɗa na leƙe ta gilashi.

Barau mai nama ya daina yi mini gyara.
Farfesa Jatau ya tare ni a matakala:
"Da mujallar ƙetare kika aika wa,
ba mai karantawa, ba mai zagi,
ga ƙarin girma."
Tanimu ya ɓoye wayata cikin buhun shinkafa,
can ma tana ƙugi kamar ƙwaro.

Zagi dai na iya haɗiye shi da shayi.
Wanda ya tsaya mini a wuya
wasiƙa ce da jan biro, babu suna:
"Mun ji. To mu sha me?
Ke da tanki a kan rufinki."
Na duba littattafaina kaf,
babu shafin da ya amsa masa.
Na ninke ta, tana jakata har yau.

Jiya da hantsi, ana yayyafi,
wata tsohuwa ta hau bene uku tana haki,
ta kwance bakin zane, ta fito da kwalbar lemo,
ruwa a ciki garau kamar idon jariri.
"Ɗana ne ya tambaye ki miji," ta ce.
"Bakinsa ya fi shi girma.
'Yarsa kwana huɗu cikinta bai tsaya ba.
Auna mini.
Amma kada in ji sunana a rediyo."

Ban tambayi sunan ba.
Na ba ta kujera, na nemo alƙalami,
hannuna na ɗan rawa,
na rubuta a jikin kwalbar: arba'in da ɗaya.