Wankin Abin da Ba a Gani

A Aboabo, bayan rumfar mai walda,
a saman bene, inda matakala ke kuka,
akwai wani ƙyalle kore shar,
yadi tara, ya fi ɗakin da nake haya faɗi.
Ni ke kula da shi. Sunana Tanimu.
Kada ka nemi sunan a ƙarshen fim.

Ranar farko Kwabena ya ce da ni,
aikinka zai yi kyau ne in ba a gan shi ba.
Na ɗauka zolaya ce.
Shekara goma sha ɗaya ina wanki da guga a Asawase,
kowace babbar riga so take a kalle ta,
yau ga tufar da ba ta da buri sai ta ɓace.

Ruwan sanyi. Sabulu ɗan kaɗan, kamar gishirin miya.
Ba a murza shi, ba a buga shi a kan dutse.
Ba ya shiri da rana:
ta taɓa lasar gefe guda, ya koɗe,
sai ga mawaƙinmu a tsakiyar Dubai
da wani rami mai toka-toka bisa kafaɗa.
Sai inuwa, sai iska, sai jira.
Daminar Kumasi kuwa ba ta duba uzurin kowa,
kwana uku yana ɗiga,
ina shinshinarsa kamar mai jego da jariri,
don tsoron funfuna.

Ba a ninke shi, naɗewa ake a jikin bututu.
Ninki ɗaya inuwa ce,
inuwa ɗaya ta isa ta tsaga sama gida biyu.
Ɗigon manja daga waken wani yaro
ya ci mini wuni, ya ci mini gwiwa.
Tun ranar takalmi ke tsayawa a bakin ƙofa,
har na fasto mai kwat da zoben zinariya.

A gabansa na ga mutane sun je Landan
ba su biya ko kuɗin motar Kejetiya ba.

Wata Laraba Inna Barira mai koko ta hau benen,
tana hutawa a kowace matakala ta uku.
Ɗanta Ɗahiru na Italiya shekara bakwai,
tana so ta aika masa gaisuwa.
Muka ce Makka za mu sa a bayanki, ko teku?
Ta kwance bakin zane, ta fito da tsohon hoto:
gidan da ta haife shi,
wanda titi ya bi ta kansa.

Ba wanda ya lura mayafinta kore ne.

Da aka kunna na'ura, sai Inna ta narke.
Fuska kawai ta rage, da tafuka biyu,
ƙofar tsohon gidan ta buɗe a ƙirjinta,
bishiyar mangwaro ta fito ta kafaɗa.
Yara suka fashe da dariya.
Kwabena ya ce a ara mata wani mayafin.
Ta daɗe tana kallo, ta ce, ku bar shi haka.
Zai gane.

Bayan ta tafi na ga sawunta a kan ƙyallen,
ƙafa biyu, jar ƙasa, dunduniya mai faso.
Na ɗebo ruwa. Na jiƙa tsumma.
Na zauna har aka kira magariba,
ban taɓa ba.

Gobe da ƙarfe takwas akwai tallan man shafawa.
Da asuba na durƙusa na goge,
daga yatsu zuwa dunduniya, a hankali,
yadda ake wanke ƙafar mara lafiya.
Ya koma kore shar.
Kwabena ya shigo, ya duba, bai ce komai ba.